Wasiƙa daga Finiks zuwa Dungas: Kafin a Kai ga Miliyoyin

Zuwa ga taubashi, bawan gado, a Dungas.

Ubangidanka ɗan Magariya, mai jan tasi a birnin Finiks na jahar Arizona, yana gaishe ka da zafin bazara, yana tambayar lafiyar Inna da mai ɗakinka da yara. Saƙonka ya iso. Wai ka ji a rediyo an ba wani ɗan Japan, Shohei Ohtani, dalar Amurka miliyan 700 ta shekara goma don ya riƙa jifa da dukan ƙwallo, kai kuma tun kana kiwon awaki ba ka taɓa jifar kanya ka kuskure ba, saboda haka a aiko maka kuɗin jirgi. Labarin gaskiya ne, ƙungiyar Dodgers ta ba shi a Disamban 2023. To gyara zama ka ji labarin 'yan baya, don su ne ubangidanka yake ɗauka a mota.

Sunan wasan besbol. Manyan ƙungiyoyinsa 30 ne, kuma kowace shekara daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris 15 suna atisaye a Arizona, 15 a Fulorida. Kowace babba tana da ƙanana huɗu a ƙarƙashinta, jimilla 120 tun 2021, ban da rukunin sababbin shiga. Tsarin kokawarmu ke nan: a fara a dandalin ƙauye bayan kaka, a haura gunduma, a je Damagaram a tace goman da za su nemo wa jaha takobi. Samarin ƙananan ƙungiyoyin suna matakin dandali da gunduma.

Da asuba suke tashi, biyu-biyu a ɗakin otal. Kafin rana ta ɗaga sun karya, sun ɗaga ƙarafa, sun miƙe jijiyoyi. Daga nan sai filayen baya, inda babu rumfar 'yan kallo balle maroƙi. Fili huɗu ne sun juya wa juna baya, da hasumiya a tsakiya inda manya suke zaune da takarda da alƙalami. Mai jifa yana sakin ƙwallo da gudun kilomita 150 a awa, na'ura tana auna kowace jifa. Mai cafewa yana tsugune da sulke a ƙirji da ƙarfe a fuska, wuni guda. Kai da tsugunon alwala yake sa ka kiran sunan kakanninka, a nan za a fara sallamarka.

Bayan azahar a yi wasan gwaji, a yi wanka, a koma otal. Da yawansu 'yan Jamhuriyar Dominika da Benezuwela ne, wasu ba su kai shekara 20 ba, sai an zaunar da su ajin Turanci. Idan suka shiga mota, waya ce a kunne, uwa ce a ɗaya gefen, ana maganar kuɗin da za a aika gida. Ubangidanka ba ya jin Sifaniyanci, amma ya san wannan muryar. Ya ji ta a bakin 'yan ci-rani a Kano da Agadas.

Abincin da aka daɗe ana sanin ƙananan 'yan wasa da shi zai ba ka dariya: burodi da tunkuza, a shafa ɗan zaƙi a kai. Gyaɗar da Magariya take nomawa tun kaka da kakanni ita ta riƙe cikin masu neman miliyoyi, don ita aljihunsu yake iya saya. Ashe abin da kake sata a kwanon Inna tun kana yaro guzurin zakaru ne, sai dai a jikinka bai nuna ba.

Maganar kuɗi kuwa ba ta dariya ba ce. Shekara da shekaru waɗannan samari suna wannan atisaye ba albashi, sai an fara kakar wasa. A 2014 wasunsu suka kai ƙara, a 2022 manyan ƙungiyoyi suka yarda su biya dala miliyan 185. A shekarar ce aka fara ba su masauki, suka kuma shiga ƙungiyar ƙwadago. Yarjejeniyar 2023 ta ɗaga albashin na ƙasa daga dala 4,800 zuwa 19,800 a shekara, na sama daga 17,500 zuwa 35,800, ta sa ana biyan makwannin atisaye. Kada ka yi saurin juya shi zuwa sefa ka suma. A ƙasar nan haya da mota da magani suna cinye irin wannan kuɗi tun bai huce ba.

Ƙarshen Maris shi ne lokacin fargaba. A kira yaro ofis, minti kaɗan ya fito ya kwashe kayansa, shi ke nan. Ubangidanka ya kai irinsu filin jirgi, jaka a cinya, ba uhum ba uhum-uhum. Waɗanda suka tsallake su watsu ƙananan garuruwa, wasa 130 da ɗoriya a kaka guda, tafiya cikin bas har dare ya raba.

Amma akan kai ga babban rukuni. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya girma a wani ɗan ɗaki na filin wasa inda mahaifiyarsa take aiki. Ƙungiyar Pirates ta ɗauke shi a 2008, ya yi shekara takwas da ɗoriya a ƙananan rukunoni, sai ranar 26 ga Afrilu, 2017 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a babban rukuni. Tsayawarsa ta farko da sanda ya doki ƙwallo ya tsira. Ka lissafa shekarunka, ka ƙara takwas, ka ga ko da sandar wasa za ka shiga fili ko da ta dogarawa.

Saboda haka kuɗin jirgi ya koma kuɗin taki da irin riɗi, an aika ta hannun Yaya, shi zai ba ka kafin ruwan farko. A gaida Baba Malam, a roƙa wa ubangidanka addu'a. Ka aiko da labarin yaran da suka yi kaye a dandalin Dungas bana, da farashin tiyar gero ranar kasuwa.

Wassalam, daga ubangidanka na Finiks.