Yadda Ake Ƙera Kan Jirgin Ƙasa A Kan Teburin Gida

Kafin ka sayi zarto ko dalma, fara neman izinin uwargida. Teburin da za ka ce a ara maka na kwana biyu sai ya ga azumi biyu bai koma wurinsa ba, kuma gara a san haka tun da wuri, da bakinka. In ta amince, ka yi mata alkawari ɗaya da za ka iya cikawa: ba za ka taɓa almakashinta ba.

Aikin da nake kiranka gare shi tsohon aiki ne a Ingila da Amurka da Japan. Mutum zai ɗauki fallen tagulla, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya, ya yanka, ya lanƙwasa, ya liƙa, har ya fitar da ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa irin mai cin kwal yana aman tururi, wanda bai bar komai na babban ba, kuma yana tafiya a kan dogonsa. A ƙauyen Long Wittenham na Ingila akwai gidan tarihi na Pendon, wanda Roye England ya kafa a 1954, inda jiragen da Guy Williams ya ƙera da hannunsa suka yi shekaru suna jan taragu. A Tokyo kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun tarar da maƙeran da in ka ba su hoto za su mayar maka da shi tagulla. Daga nan kasuwa ta buɗe, kamfanoni irin su Tenshodo suka yi suna, kafin aikin ya koma Koriya ta Kudu a shekarun 1970. Ka ga ba kai kaɗai ne za ka ƙona yatsa ba, kana da dangi a nahiyoyi uku.

Na san inda zuciyarka za ta fara zuwa. Za ta ce Big Boy na kamfanin Union Pacific, wanda aka fara ƙerawa a 1941, mai tsarin ƙafafu 4-8-8-4. Lallashe ta. Waɗannan lambobi, bisa lissafin da Frederick Whyte ya fito da shi a 1900, ƙafafu suke ƙirgawa: na gaba, masu ja, da na baya. Big Boy ƙafa 24 ke gare shi, 16 daga ciki masu ja, kuma kowace ɗaya tana da ra'ayinta. Fara da 0-6-0, ɗan kan jirgi mai ƙafa shida da ke goye da tankin ruwansa, irin Jinty na Ingila da aka ƙera guda 422. Mai sauƙin kai ne, jikinsa duk layi miƙaƙƙe, ba ya ɗaukar fushi.

Sai ma'auni. In idonka ya fara neman tabarau, ɗauki ma'aunin O, wanda a Ingila kashi 1 ne cikin 43.5, a kan dogo mai faɗin milimita 32. In ɗakinka ƙarami ne, akwai HO, 1 cikin 87, ko OO na Ingila, 1 cikin 76, dukansu a kan milimita 16.5. Sai dai ka sani OO yana da wani tsohon ciwo: dogon ya yi wa jirgin kaɗan, shi ya sa wasu bayin Allah suka ɓalle suka koma milimita 18.2, wasu kuma suka ce ai wannan ma bai kai ba, suka tsaya a 18.83. Kada ka kuskura ka ce wa ɗayansu bambancin bai taka kara ya karya ba, sai in ka riga ka ci abincin dare. Wanda kuma ransa ke kan jiragen gida, irin ajin River mai tsarin 2-8-2 da aka fara kawo wa Najeriya a 1948, kowanne da sunan kogi, ya yi sa'a. Tsohon dogonmu milimita 1,067 ne, in ka raba da 64 za ka sami kusan 16.7, saboda haka ma'aunin 1 cikin 64 a kan dogon HO ya zauna daidai. Mutanen New Zealand sun daɗe suna cin moriyar wannan dabara.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Ba a ƙera "jirgi" haka kawai. Ana ƙera jirgi kaza, a shekara kaza, da lambarsa. Ɗauki Mallard, ƙirar Nigel Gresley, wanda ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli, 1938. A ranar nan shuɗi ne, lambarsa 4468, da labulen ƙarfe da ya rufe saman ƙafafunsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka cire labulen, aka shafe shi da baƙi. Daga baya ya zama 60022, ya ƙare aiki da koren fenti. In ka haɗa lambar wannan zamani da fentin wancan, ka ƙera jirgin da bai taɓa taka dogo ba. Nemi zanen injiniya, ka nemi hotuna na dama da na hagu, in kuwa zane da hoto suka yi gardama, bi hoto, domin ma'aikatan garejin jirgi ba kullum suke tuntuɓar mai zane ba.

Kayan aiki ba su da yawa: zarton maƙeran zinariya mai bakin gashi, magagarai manya da ƙanana, abin huda, hantsaki, filaya, ƙarfen liƙi irin na masu gyaran rediyo amma mai ƙarfi, da falle mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.5 don gangar jiki. Bakin zarto haƙoransa ƙasa suke kallo, wajen mariƙi, yana ci ne in ka ja. Shafa masa kakin kyandir. Saye shi dozin-dozin, domin yana karyewa da zarar ka fara yabon kanka a zuci.

Yanzu sai ka danne sha'awa. Kowa yana so ya fara da bututun hayaƙi da ɗakin direba, wuraren da baƙo zai gani ya ce ma sha Allah. Fara da ƙasa. Liƙa falle biyu wuri ɗaya, ka zana firam a kansu, ka huda, ka yanka su tare, sannan ka raba su da wuta, don ramin dama ya zama tagwayen ramin hagu. Hannayen ƙarfen nan da ke haɗa ƙafa da ƙafa, su za ka fara yi, kuma su ne ma'aunin da za ka huda ramukan aksil da shi, ba rula ba. In tazarar ramukan hannu ta saɓa da tazarar aksil ko da kaurin takarda, jirgi zai yi zagaye ɗaya ya cije.

Sannan ga maganar kwata. A jirgin gaske, ƙusar da ke riƙe hannu a ƙafar dama tana gaba da ta hagu da digiri 90, a yawancin jiragen Ingila dama ce ke gaba. An yi haka ne don kada fistin biyu su mutu a wuri ɗaya, jirgi ya kasa tashi. A naka ma dole kowane aksil ya bi wannan kwata, duka iri ɗaya. In ka kuskure da ɗan kaɗan amma kuskuren ya zama ɗaya a dukansu, za a zauna lafiya. In ɗaya ya ware, sai ɗingishi. Gwaji mai sauƙi ne: kafin ka sa injin lantarki, ɗora firam da ƙafafunsa a kan dogo, ka ɗaga gefe guda kaɗan. In ya gangara da kansa, sulu, ba tangarɗa, je ka sha shayi, ka cancanta. In ya tsaya, nemo inda ya cije, ka gyara shi nan. Kada ka bi ramuka duka kana faɗaɗawa don huce haushi, abin da za ka samu jirgi ne mai karkarwa. Ina roƙonka kada ka wuce wannan mataki sai ya yi. Duk adon da za ka ɗora a sama, nan ne zai hau.

Tukunyar tururi ba wuya. Gasa fallen har ya yi ja-ja, ka bar shi ya huce, zai yi laushi. Shimfiɗa shi a kan tabarmar roba, ka murza sandar ƙarfe a kansa har ya naɗe. Wannan tukunya ta ado ce, injin lantarki ne a cikinta. Masu son wuta da ruwa na gaske da jan ƙarfe suke yin tasu, su liƙa da haɗin azurfa mai narkewa sama da digiri 600, domin ruwan zafi yana zuƙe tutiyar da ke cikin tagulla ya bar ta fanko. Wannan wata makaranta ce daban.

Liƙi shi ne inda ake rabuwa da 'yan kallo. Sirrinsa tsafta: goge wurin har ya yi ƙyalli, ɗiga ruwan liƙi, kawo ƙarfe mai zafi sosai da ɗan ƙwayar dalma a bakinsa, ka shiga ka fita. In komai ya yi daidai za ka ji tsuu, ka ga dalma ta bi tsagi da kanta kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. In ta dunƙule ta ƙi gaba, ƙazanta ce ko ƙarancin zafi, kuma ƙarin dalma ba ya maganin ko ɗaya. Tagulla uwar gulma ce wajen zafi, abin da ka faɗa mata a nan ta kai shi can kafin ka ƙifta ido. Kana liƙa matakala a gaba, sai ka ji fitila ta faɗo a baya. Maganin wannan shi ne a bi girma: manyan gaɓoɓi da dalmar da ke narkewa a digiri 188, kayan ado da ta 145, sassan farin ƙarfe mai taushi da ta 70, wadda ko tafasasshen ruwa yana sakinta. Ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kan abin da ka riga ka gama. Riƙe ƙananan abubuwa da tsinke ko maƙalin shanya na katako. Yatsa yana iya riƙewa, amma ba ya wuce daƙiƙa uku, kuma kalmomin da ke biyo baya ba na gaban yara ba ne. Buɗe taga, kada ka shaƙi hayaƙin, ka wanke hannu kafin ka ci abinci domin akwai gubar dalma. In ka tashi aiki, wanke jirgin da ruwa da tsohon buroshin haƙori, in ba haka ba asid ɗin ruwan liƙi zai kwana yana cin aksil.

Ka kuma san cewa ƙasan ɗakinka yana da rabo a wannan aiki. Hantsaki zai yi ƙyas, wani abu mai girman ƙwayar gero da ka yi awa guda kana gogewa ya tashi sama, shi ke nan. Maganaɗisu ba ya jan tagulla, kada ka wahalar da shi. Kwantar da tocila a ƙasa don haske ya bi daɓe, ka durƙusa. In ba ka gani ba, ƙera wani, na farkon zai fito da zarar ka liƙa na biyun. Masu hikima biyu-biyu suke yi tun farko, wasu kuma suna maƙala bakin gyalen aikinsu a gefen tebur, sai dai su tuna da shi kafin su miƙe.

Kawunan ƙusoshin da ke jere a jikin tanki, daga bayan falle ake buga su, ɗaya bayan ɗaya, kafin a lanƙwasa. Akwai jama'a a wannan fage da ake kira masu ƙirga ƙusa. Za su sunkuya a kan jirginka da gilashin ƙara girma, su yi shiru, sannan su ce saura biyu a layin ƙasa. Girmama su. Su ne suka hana tarihin waɗannan injuna ɓacewa, kuma yawanci gaskiya suke faɗa. Amma a ganina layi miƙaƙƙe mai tazara ɗaya ya fi cikakken adadi a karkace, domin ido karkata yake fara gani. Bututun hayaƙi da ƙubbar tukunya kana iya sayen na zubi, waɗanda ake yi da dabarar kaki, wadda maƙeran Benin suka daɗe da ƙwarewa a kai. Ka tabbata sun tsaya cak, domin su ne fuskar jirgi. Sandunan riƙo waya ce, milimita 0.7 a ma'aunin O, 0.45 a OO. Tarkacen sandunan da Egide Walschaerts ɗan Beljiyam ya ƙirƙiro a 1844, masu rawa a gefen ƙafafu, bar su sai jirgi na biyu. In lokacin ya zo, sa 'yar takarda mai maiƙo tsakanin sanda da sanda kafin ka liƙa fil, ka yage ta daga baya, in ba haka ba za ka haɗa su aure na har abada.

Jirgi yana son nauyi a kan ƙafafun da ke ja. Cusa masa dalma a tankuna, amma kada ka riƙe ta da farin gam na kafinta. Su biyun ba sa shiri, a hankali suke kumbura, bayan shekaru su fasa tukunya.

Ranar da ka gama, tagulla tana walƙiya, zuciyarka za ta ƙi fenti. Wannan ciwo ne sananne, akwai masu tara jiragen Japan da Koriya da suka bar nasu tsirara har yau. Ɗauki hoto, ka nuna wa duk wanda ya shigo gidan, har mai kawo ruwa, sannan ka daure. Wanke shi tas, kada ka ƙara taɓa shi da hannu, fesa fentin share fage mai kama tagulla, sannan launi, siriri-siriri, kana barin kowane ya bushe. Fenti mai kauri yana binne ƙusoshin da ka yi mako kana bugawa. Ɗan toka-toka a saman tukunya da ɗan maiƙo a hannayen ƙafa suna sa a ga alamar ya yi aiki. Ɗiga mai da bakin allura, ka bar jirgin ya zagaya a hankali, gaba sannan baya, har gaɓoɓinsa su saba da juna. In baƙo ya miƙo hannu zai ɗauka, riga shi, ka nuna masa wurin riƙo: ƙarƙashin dandamali, da hannu biyu, nesa da sandunan.