Hanyoyi Biyar Na Rabuwa Da Bayananka Cikin Ruwan Sanyi

Idan kundin digirinka, hotunan bikinka da lissafin shagonka sun ishe ka, ga yadda za ka rabu da su ba tare da ka goge komai da hannunka ba.

Na ɗaya, ka riƙe kwafi ɗaya tak a kwamfutarka. Masana na cewa a yi kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, a kai ɗaya wani gidan. Ƙyale su, tsoro ne ya yi musu yawa. Ai ko a kamfanin Pixar, a 1998, an goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 bisa kuskure, ajiyarsu kuma ta ƙi aiki. Kwafin da wata ma'aikaciya mai jego take aiki da shi a gida ne ya fid da su kunya. Kai ma zauna jiran mai jegonka.

Na biyu, sayi filashin da aka rubuta wa terabayit biyu amma kuɗinsa bai kai na tsire ba. Zai karɓi duk abin da ka tura masa da fara'a, ranar buɗewa ka tarar da shi wayam. Wa ya ce araha ba ta ado?

Na uku, faifan ajiya na waje yana juyi sau 5,400 ko fiye a minti ɗaya. Saboda haka ɗora shi a bakin tebur, wayarsa na lilo daidai hannun yaro. Ko ka bar shi cikin mota ya sha ranar Afrilu.

Na huɗu, kada ka raba faifan da kwamfutar. Saka su a jaka ɗaya, don kada ɓarawo ya wahala da zuwa sau biyu. A gida kuma bar faifan a jone kullum, yadda bairos mai kulle fayil don neman kuɗin fansa zai haɗa da shi.

Na biyar, kada ka taɓa buɗe ajiyar don ka ga ko tana aiki. Zato zunubi ne.

In kuwa har yanzu kana son kayanka, saɓa wa duk shawarwarin nan. An ware 31 ga Maris don tunatar da duniya yin ajiya, amma faifai ba ya duba kalanda kafin ya mutu. Tashi ka kwafa yau.