Ni Da Mai Turi Kan Dodannin Japan

A majalisarmu ni ne alƙalin fim. Ba wanda ya naɗa ni, na dai tarar da kujerar ba kowa na haye, kuma da yake muryata ta fi ta kowa kauri ba a samu mai sauke ni ba. Na sha Indiya tun zamanin kaset, na sha Cainis, har takama nake cewa kafin a gama rubutun farkon fim zan nuna maka wanda bos zai kashe. Abu ɗaya na raina, shi ne katun. In na ga ƙato da gemunsa ya ƙura wa zane ido, addu'ar shiriya nake yi masa a fili, don ya ji.

Ɗan yayata ne ya ja mini. Ya zo hutu daga jami'a, kullum kansa a waya, ni kuma kullum ina yi masa wa'azi. Wani dare ya miƙo mini wayar ya ce, "Kawu, kashi ɗaya tal. In bai yi maka ba, ba zan ƙara kallo a gidan nan ba." Na karɓa da niyyar in ci shi da yaƙi. Sunan abin The Promised Neverland, zango na ɗaya, wanda kamfanin CloverWorks na Japan ya fitar a 2019. Gidan marayu ne mai suna Grace Field, ga ciyawa shar, ga yara fes cikin fararen kaya, ga wata mata da suke kira Mama tana ta murmushi. Na fara hamma da gangan. Sai aka ce an samo wa wata 'yar ƙaramar yarinya, Conny, iyayen riƙo. Ta tafi ta manta zomon wasanta, manyan yaran gidan biyu, Emma da Norman, suka bi ta da shi bakin ƙofa. A bayan mota suka tarar da ita, ba rai, an soka mata fure a ƙirji. Ashe kiwon su ake yi kamar ragon layya, dodanni ne masu saye, kuma ƙwaƙwalwa ce naman da ya fi tsada, shi ya sa ake yi wa yaran jarrabawa kullum. Kiran assalatu ya riske ni da wayar yaro a hannu, shi kuwa yana ta minshari.

Gaskiya zangon nan ya isa. Kashi 12 ne, amma dodannin da ake ta tsoro da wuya ka ga fuskarsu. Tsoron duk yana wajen Mama Isabella. Za ta durƙusa ta shafa kan yaro, kai da kake kallo ka san kunnensa take dubawa, inda aka dasa abin da ke nuna mata duk inda ya shiga. Ranar da ta karya wa Emma ƙafa, cikin lallashi ta yi, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Yara 'yan shekara 11 suna shirya gudu da raɗa, ga katanga, bayan katangar ga rami mai zurfi, kowane taku sai an auna. Har aka kai daren da Emma ta yanke kunnenta, yara 15 suka tsallake, aka bar ƙanana da alƙawarin za a dawo.

Kafin mako ya zagayo na koma mai wa'azin katun. Ban ce wa kowa yaro ne ya nuna mini ba, cewa na yi bincike ne ya kai ni. Ranar da ɗan yayata zai koma makaranta, yana ɗaure jaka ya ce, "Kawu, don Allah ka tsaya a nan. Zango na biyu kada ka taɓa shi." Na yi dariya irin ta manya. Yaron da na goya ne zai gaya mini abin da zan kalla?

A daren na tashi a majalisa na yanke hukunci cewa zango na biyu ya fi na ɗaya. Ban gan shi ba, ko minti ɗaya. Amma ina da hujjoji, kuma har gobe ina ganin hujjoji ne na mai hankali. Kamfanin bai canza ba. Mai ba da umarni shi ne dai Mamoru Kanbe. Shi kansa marubucin labarin, Kaiu Shirai, an sa sunansa cikin masu tsara zangon. Sannan yara sun fita waje, duniyar dodanni ta buɗe, me ya rage in ba daɗi ba? Wani tela da ba ya raga mini ya ce, "Alƙali, in kuma bai kai ba fa?" Na bugi ƙirji na ce tsiren majalisa gaba ɗaya a wuyana.

Na je shagon masu tura fina-finai da ke bakin titi aka zuba mini kashi 11 a filashi. Na ari janareto, na sayi mai, na fito da talabijin zaure, uwargida ta haɗa zoɓo tana tambaya ko biki ake. Bayan isha'i muka zauna. Kashi ukun farko sun rufa mini asiri. Yara a daji, dodanni biyu da suka cece su, Sonju da Mujika, Emma tana koyon farauta da kwari da baka. Ina ta waige ina kallon tela da gefen ido. Daga nan abin ya fara gudu. Yaran sun samu mafakar ƙarƙashin ƙasa, kafin mu gama murna an kai musu hari an kore su. Kafin mu gama jaje watanni sun wuce, ga su sun sa abin rufe fuska suna yawo a kasuwar dodanni. Dodon da a zango na ɗaya inuwarsa ke sa ka riƙe numfashi, ga shi nan ana cinikin cefane da shi. Norman da muka yi wa kuka a zango na ɗaya muna zaton dodanni sun cinye shi ya faɗo a ƙarshen kashi na biyar, ya zo da shirin ƙarar da dodanni kaf, aka ɗan yi masa magana ya fasa.

Kowane rami ina cike shi da bakina. In an ce ina wancan zancen ya tsaya, sai in ce hikima ce, ku jira ƙarshe. In an ce yaushe wannan ya zama na kirki, sai in ce Japanawa ba sa tauna wa mutum abinci. Mutum biyu suka yi barci. Ɗaya ya ce zai kama ruwa, bai dawo ba.

Sai kashi na ƙarshe, wanda na ɗora wa duk mutuncina. Yara suka ƙetara duniyar mutane, Emma ta ce ita za ta tsaya ta gyara ta dodanni. Na gyara zama na ce, "To, yanzu aka fara." Kiɗa ya tashi, hoto ya tsaya. Aka ga Emma a gaban wata halitta, ba motsi. Hoto ya canza, an naɗa Mujika sarauta, ba motsi. Sauti na tafiya, mutane a sandare. Ni da na san kan na'ura ai na gane ciwon nan take. Na tashi na daki gefen talabijin. Na zare filashin na hura masa iska na mayar. Na ce a duba janareto, wutar ce ba ta da ƙarfi. Da duk suka ƙi, sai na juya na fuskanci jama'a na ce yaron shagon nan ne ya cuce mu, ya tura mana lalatacce, ainihin yaƙin yana ciki, don haka an ɗage hukunci.

Da safe na sa babbar riga, don a san ba da wasa na zo ba. Shagon cike, masu cajin waya da masu jiran Indiya-Hausa. Na ajiye filashin a kan tebur da ƙarfi na ce a biya ni kuɗina da kuɗin man janareto. Yaron ya ce, "Yallaɓai, ai haka yake." Na ce ni zai koya wa fim, ni da nake kallo tun ba a yi auren uwarsa ba? Ya buɗe nasa a kwamfuta ya ja zuwa ƙarshe, hoto ya tsaya. Na ce to tun daga tushe ya ɗauko gurɓatacce. Ya ƙona datarsa ya buɗe wani a intanet, hoto ya tsaya, a daidai wurin, da kiɗan.

Wata yarinya cikin kayan makarantar sakandare ce ta ƙarasa ni, kuma cikin ladabi, wanda shi ya fi ciwo. Ta ce, "Baba, littafin da aka ɗauko labarin daga ciki babi 181 ne. Zango na ɗaya babi 37 kawai ya ɗauka. Sauran duka aka cusa a kashi 11, wanda bai shiga ba aka zubar." Ta ce akwai wani wuri, Goldy Pond, inda manyan dodanni ke sakin yara suna farautarsu don nishaɗi, masu karatu sun fi son sa a kan komai, an tsallake shi ɗungurum. Akwai mutumin da ya kamata yaran su tarar a mafakar nan, Yugo, ko ƙeyarsa ba a nuna ba. Kashi biyun ƙarshe ma ba a rubuta sunan marubucinsu ba. Ka lura, na shigo ina Yallaɓai, yanzu na koma Baba.

Mai shagon ya buɗe aljihun tebur ya ƙirgo kuɗina ya ce, "Baba, ga shi, Allah ya huci zuciyarka." Da ina da sauran wayo da na ce ya bar shi. Amma hannuna tun ɗazu a miƙe yake, sai kawai ya karɓa. Ina juyowa na yi ido huɗu da tela, zaune a kan benci yana jiran cajin wayarsa, ya toshe baki da hula.

Mai tsire ya yi ciniki a daren nan, har waɗanda suka yi barci da wanda ya tafi kama ruwa duk sun hallara. Yanzu in na buɗe baki zan yi sharhi sai wani ya ce a duba janareto.

Don in dawo da martabata na samo littafin zanen a waya, na ce sai na ga Goldy Pond da idona in zo in ba su labari. Na yi nisa, na kuma sanar a majalisa cewa marubucin nan gwani ne na gaske, don a wajensa amsa ce ke riga tambaya zuwa, mutum ya faɗi tukuna sannan a harbe shi. Na kira ɗan yayata ina yi masa wannan bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, daga dama ake fara karantawa." Ni da na yi shekaru a makarantar allo. Na ce masa na sani, gwada shi nake, ya kuma mayar da hankali kan karatunsa ya bar kallon katun.