Tim Wok a Bakin Kanal

Duk wanda ya bi hanyar Zariya da rani, daga Kura zuwa Kadawa, ya san abin da ke ɗaukar ido: ko'ina kore shar, alhali sama ko gajimare babu. Albarkar madatsar Tiga ce, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ke gangarowa ta kanal yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Wannan koren ne ya ja mu, mu huɗu 'yan majalisa ɗaya a Kumbotso, muka ce bana sai mun noma tumatir.

Ɗayanmu ya taɓa zuwa wata bita, ya dawo da Turanci cike da baki. Ya ce gayya tsohon yayi ce. Abin da za mu kafa sunansa kwafaretib, a cikinsa akwai fatnaship, akwai tim wok, in kaka ta yi kuma a yi shiyarin. Nan take ya zama Ciyaman, na biyu Sakatare, na uku Ma'aji. Na ce ni fa? Aka ce ai ni ne Memba, kuma babu ƙungiyar da ke tsayawa ba memba. Har na ji kaina ya yi girma.

Muka yi kwantiribushan daidai wa daida, muka kama hayar fili wajen Kura. Ranar dashe Ciyaman ya zo da farin yadi, Sakatare da littafi, Ma'aji da jaka. Fartanya ɗaya ce tak a but ɗin mota, kuma duk idanu suka juyo kaina.

"Malam, bismilla," in ji Ciyaman daga gindin darbejiya. "Mu za mu riƙa kodinatin."

Ban ruwa a can da lanƙwasasshen bututu ake yi. Ka nutsa shi a kanal ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka wurga shi cikin kunya da sauri, ruwa ya kama zuba da kansa. Yara ƙanana na yi suna waƙa. Ni da na wurga nawa, bututu ya tsaya a gona, ni na tafi kanal, hula ta kama hanyar Bunkure.

"Ku kamo ni!"

Sakatare ya ce ceto ba ya cikin ajanda. Ciyaman ya ce Ma'aji ya tafi sayen rake, saboda haka kwaram bai cika ba. Wani dattijo mai gonar kusa ne ya miƙo mini ƙotar fartanya.

"Sannu, ɗana. Waɗancan masu kallon fa, 'yan uwanka ne?"

"Fatnas ɗina ne, Baba."

"To, Allah ya ba su lafiya."

Washegari na ga mutanen dattijon sun taru yashe magudana, kowa da shebur, ga ƙwaryar fura a inuwa. Kafin azahar sun gama, babu wanda ya rubuta minit.

Tumatir ya yi kyau, sai dai na kowa ma ya yi. Muka kai kasuwar Kwanar Gafan muka tarar kwanduna jibge, dillalan da ke loda wa motocin Legas suna taya kaya kamar masu ba da sadaka. Da aka zo shiyarin, aka fara cire alawus ɗin zama, da kuɗin man Ciyaman, da kuɗin biron Sakatare, da raken Ma'aji. Rabona ya kama kwandon da ya lotse, da takardar yabo mai sa hannu uku. Uwargida ta yanka tumatirin ta shanya kauɗa, takardar kuma ta fifita wuta da ita.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne, amma hannun da ke cikin aljihu ba ya shiga lissafi. Don haka, mai karatu, duk ranar da aka kira ka haɗin gwiwa, ko da Turanci ko da Hausa, ƙirga mutane ka ƙirga fartanyu. In ba su zo daidai ba, to kai ne tim wok ɗin.