Zuwa ga Alhaji Dont, Babban Wa a Gidan Nahawun Faransanci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, yaya ƙannenka qui, que da où? Na rubuto ne a madadin 'yan lakwal na Maraɗi da Damagaram, waɗanda jan biro ya gama da littattafansu saboda kai.

Qui ba ruwansa, yana tsaya wa mai aikata aiki ya yi gaba. Où ma ya san wuri, ya san lokaci. Que yana da ɗan fitina, don shi ya sa ake rubuta la lettre que j'ai écrite da e a ƙarshe, wai wasiƙa mace ce kuma ta riga aikatau isowa. Ana jingina wannan doka ga mawaƙi Clément Marot na ƙarni na 16. Allah ya yafe masa.

Amma kai, Alhaji, naka ya fi. Ka haɗiye de, ka share baki, ka bar yaro yana lalube ko aikatau na da de a bayansa: parler de, avoir besoin de. Mu a Hausa sai mu ce "yaron da na san ubansa", da guda ɗaya tal, magana ta zauna. Yarinya ta ɗauki wannan hankali na gida ta rubuta le garçon dont je connais son père, mushe, wato malaminta, ya zabga mata jan layi. Wai ka riga ka cinye son, sai dai le père. To wa ya gan ka kana ci?

Abin haushin, ranar da aka fi bukatarka sai ka sulale. Da à côté de ya shigo, ba ka nan, ka turo duquel da de laquelle su yi maka dako.

Na so in kai ƙara gaban dattawan nan 40 na Académie française da aka kafa a 1635, sai na tuna sun fara fitar da bugu na 9 na ƙamusunsu a 1986, ba su gama ba sai 2024. Kafin su saurare ni ɗalibaina sun yi jikoki.

Ina dai sanar da kai cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuwa harshen aiki. Kai ma'aikaci ne yanzu. Ka rage ɗagawa, musamman ranar jarrabawar BEPC.

Naka,
Wani mushe da biro ya ƙare masa