Sarkin Goge-Goge na Bagega

Ina da wani hali da na daɗe ina rufa wa asiri, amma tunda yaran da ke zuwa koyon kwamfuta wurina sun riga sun gano ni, gara in faɗa da bakina kafin su kai ni dandali. Idan na rubuta shiri, na danna masa ya tashi, ya ƙi, ya zubo jan rubutu a ƙasan allo, ba na karantawa. Ko layi ɗaya. Idona na sauka kan ja sai hannuna ya zarce wurin cire manhaja. In cire Python, in cire VS Code, in kashe laftof in kunna, in sake sauke su daga intanet, in girka, in yi bismilla in danna. Jan rubutun nan ya dawo yadda na bar shi, ko wasali bai canza ba. Sai in jinjina kai in ce wa na kusa da ni, ai injin ne ya tsufa.

Abin da ke ƙara min kunya shi ne dalilin da ya kawo ni harkar tun farko. Duk wanda ya tashi a Bagega ya san shekarar 2010, lokacin da likitocin MSF suka gano cewa abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum gubar dalma ce, wadda ke fitowa daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da sauransu, aka bar garinmu, wanda ya fi su girma, yana jiran kuɗi. Likitoci kuwa suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma ya zauna kan ƙasar da ta sa masa ciwon. A 2012 wasu matasa a Abuja, ciki har da Hamzat Lawal, suka tayar da gangamin Follow The Money, suka dami gwamnati da lissafi da hotuna a kan Bagega, har a farkon 2013 aka saki kuɗi, kimanin dala miliyan 5, aka zo aka share garin tare da ƙwararrun TerraGraphics. Na ga yadda takarda mai ɗauke da adadi ta motsa Abuja. Daga nan na ƙudura cewa ni ma sai na zama mai bin diddigin kuɗi. Zan haɗa jadawalin ayyukan da aka ce an yi a Anka da Gummi da Bukkuyum, ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani, in sa kwamfuta ta ware min wanda ke tsaye a ƙasa da wanda ke tsaye a takarda kawai.

To mai niyyar bin sawun miliyoyin gwamnati, ga shi ya kasa bin sawun fayil guda ɗaya da ya ajiye da hannunsa.

Jadawali ne irin na CSV, ina ganinsa ƙuru-ƙuru a allo. In ce wa shirin ya shigo da shi, ya ce babu. Na goge na girka har na gaji. Wata rana 'yar yayata da ke sakandare a Anka ta zo hutu, ta tsaya a bayana tana kallo.

"Kawu, mi ya ce a layin ƙarshe?"

Na ce mata, "Ke dai je ki, ba ki san kan abin nan ba. Ƙwayar cuta ce ta shiga injin."

Ba ta tafi ba. Ta sunkuya ta karanta a hankali, tana bin haruffan da yatsa: FileNotFoundError. Ta ce, "Kawu, cewa ya yi bai ga fayil ɗin ba a inda ya duba. To ina ya duba?"

Tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba ke nan. Ashe shiri ba ya yawon neman fayil a duk faɗin kwamfuta. Idan suna kawai ka ba shi, ba cikakken adireshi ba, yana leƙawa ne a foldar da baƙar tagar umarni take tsaye a lokacin, kuma ba lallai ta zama foldar da shirin yake kwance ba. VS Code yana tsayar da tagar nan a foldar da ka buɗe masa. Ni kuwa ba na buɗe folda, fayil ɗin shirin kaɗai nake dannawa, don haka tagar ta tsaya can a babbar foldar mai kwamfuta, jadawalina yana wani lungu daban. Maganin bai wuce ka buɗe foldar aikin gaba ɗaya ba. In kana shakka, layi ɗaya na os.getcwd() zai faɗa maka inda shirin yake tsaye. Kuma Python ba ya ɓoye komai. Yakan jero hanyar da ya biyo a sama, ya ajiye ainihin matsalar a layin ƙarshe. Mu da muka tashi muna kallon wankin zinare bai kamata a koya mana wannan ba: yashi ne a sama, abin nema yana ƙasan kwano. Ni kwanon nake kifarwa ɗungurungum, in koma rami in ɗebo wani.

Na ba ta kuɗin alewa, na ce kada ta faɗa wa uwarta. Wani zai ɗauka daga ranar na shiryu. Ina!

Babbar ɓarnar halin nan ita ce shi yake haifar da ciwon da nake cewa ina magani. Kowace girkawa takan bar baya da ƙura. Yau in sauke Python daga gidansu, gobe in ɗauko na Microsoft Store, jibi wani ya ce min ai Anaconda ce ta manya, in ɗora ta. Duk suna zaune a inji ɗaya, kowanne da rumbunsa na kayan aiki. Sai in buga pip install pandas, ya sauka lafiya, har ya yi min albishir cewa an gama. In koma VS Code in danna, ya ce ModuleNotFoundError, wai bai san wani pandas ba. Gaskiyarsa. An kai kayan rumbun wancan Python ɗin, edita kuma yana aiki da wannan. Sunan wanda yake amfani da shi yana rubuce a ƙasan allo ta hannun dama, ƙanana-ƙanana, kullum yana kallona. Dannawa ɗaya ce ka sauya shi. Masu hankali ma sukan yi wa kowane aiki keɓaɓɓen muhallinsa da venv a cikin foldarsa, su riƙa buga python -m pip don kayan su sauka a hannun wanda ya aiko. Ni me nake yi? In ƙaro wani Python ɗin, in ga ko shi zai fi sauran biyayya.

Da a Kano nake ko Abuja, inda ake samun intanet na ofis, da wannan wauta ce mai arha. A Bagega ba haka ba ne. Anaconda kaɗai ta kusa giga ɗaya. Sabis sai ka san kusurwar da yake sauka da sa'ar da yake zuwa, caji kuma sai ka kai wa mai sola ko mai janareta ka biya. Sau da yawa saukewar takan kai kusan ƙarshe ta yanke, in fara daga farko. Kuɗin datar da na ƙona a kan sake sauke abin da lafiyarsa lau, da buhunan gero na saya da su, da maiɗakina ta daina yi min wani irin kallo idan ta ji na ce "bari in ɗan gyara injin nan."

Ranar da halin ya kai ni ya baro kuwa a farkon Satumbar 2021 ne. Wani ja ya fito, na share komai da dare, da niyyar in wayi gari in sauke sabo. A ranar 3 ga watan hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Mutanen Gusau har Funtuwa suke zuwa don su buga waya. An rufe kasuwannin mako, masu POS sun zauna, iyaye ba su san halin da 'ya'yansu ke ciki a wasu garuruwa ba. Jama'a na cikin wannan, ni kuma a ƙasan zuciyata, Allah Ya yafe min, akwai wani ɗan baƙin ciki na daban da ba na iya faɗa wa kowa: na cire Python da hannuna, kuma babu hanyar dawo da shi. Makonni laftof ɗin yana zaune, ba abin da yake iyawa sai karta.

Rashin abin gogewa ne ya sa na yi karatu. Akwai hoton jan rubutun a wayata, wanda na ɗauka don in tura wa wani aboki a Sakkwato, ban samu turawa ba. Wata la'asar, don zaman banza, na buɗe shi na bi shi kalma-kalma. Cewa yake pandas ba shi da read_csv, wataƙila saboda yana shigo da kansa. Na yi shiru. Sunan da na raɗa wa fayil ɗin shirina shi ne pandas.py. Idan ka ce wa Python ya shigo da wani abu, foldar shirinka yake fara dubawa kafin ya je rumbu. Ya duba, ya ga mai sunan, ya shigo da shirina cikin shirina. Canza suna kawai ake buƙata, aikin da bai kai tsawon hamma ba.

Ƙananan irin su ba sa lissafuwa. Karan da ke kwance baya a adireshin Windows, idan ya haɗu da U na Users, Python yakan ɗauka wata lambar harafi ce ta musamman, ya yi tutsu. Ka sa r a gaban adireshin ko ka juya karan, an wuce wurin. Windows yakan ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka rantse CSV ne alhali akwai txt a bayansa. Mazaɓar 'Yar Sabaya ma ta taɓa sa na cire edita, don alamar da ke gaban sunanta ta rufe min zance tun bai fara ba.

Sai kuma wanda ya fi ba ni tsoro, wanda ba ya zuwa da ja ko kaɗan. Idan ka adana jadawali daga Excel a matsayin CSV na gargajiya, yakan yi amfani da tsohon tsarin haruffa na Windows-1252, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai. Babu ƙ a cikinsa, babu ɗ, babu ɓ. Duk inda ya gamu da su sai ya dasa alamar tambaya, kuma in an adana an rufe, harafin ya tafi ke nan. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka zana tun 1992, yana ɗauke da haruffanmu duka, kuma sababbin Excel suna da zaɓin CSV UTF-8 a jerin hanyoyin adanawa da ban taɓa karantawa ba. Da tsohon tsarin na adana nawa jadawalin, shirin ya tashi sumul, ba ƙorafi, na yi hamdala. Mazaɓun Anka goma ne. Lissafina ya ba ni sha ɗaya, domin wani ya rubuta Dangaladima ba lanƙwasa, wani ya rubuta da lanƙwasa ta koma ?angaladima, kwamfuta ta raba musu rijiyoyi. Na buga a takarda na kai wa wani dattijo da ke taimaka mana da bayanai. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan sabuwar mazaɓa yaushe aka ƙirƙiro ta, ba mu ji a rediyo ba?" Ashe ba jan rubutu kaɗai nake tsallakewa ba, har baƙin.

Na zauna na tambayi kaina me ke kawo wannan. Ba Turancin ba ne, don yarinyar da ta karanta min ba ta kai ni Turanci ba. Girman kai ne. A gari "Injiniya" ake ce min, tun ranar da na cire wa wani hakimi hotuna daga wayar da ta faɗa ruwa. Injiniya kuwa bai kamata a gan shi ya ƙura wa allo ido yana motsa leɓe ba, mai yin haka bai sani ba ne. Amma a ga koren layi yana tafiya a hankali, kashi 40, kashi 70, ni kuma na harɗe hannu ina cewa "a ba shi lokaci," wannan aiki ne da kowa ke gani. Har shayi ake kawo min. Karatu ba ya tara 'yan kallo, girkawa tana tarawa, kuma tana ba ni rabin sa'a da ba wanda zai tambaye ni me ya lalace, ciki har da ni kaina.

Bayan an buɗe layuka na ɗauki mataki, ba zan ɓoye ba. Na je Gusau na sayi filas mai kyau, na zuba Python da VS Code da duk kayan da nake buƙata a ciki, na ɗaure shi da makullin babur. Yanzu ko an rufe sabis shekara guda, ina iya gogewa in girka ba tare da na nemi kowa ba. Makon jiya wani ja ya fito, KeyError, a kan ginshiƙin da na sa wa suna Gummi. Sarari ne guda ɗaya ya maƙale a bayan sunan, wanda ido ba ya gani. Na gano haka ne bayan na gama girkawa.