Ku Hau Tudun, Ina Jiran Ku

Na san abin da za ku ce: "Malam, me ya haɗa Tanut da rubuta manhaja? Mu da rezo ma sai an hau tudu!" To, ku hau, ba sauri nake ba.

Kun sauko? Madalla. Ku ne fa kuke aika kuɗi Agadas ta Nita ko Al Izza, kafin shayin farko ya huce ɗan'uwa ya kira ya ce sun iso. Aljanu suka kai? Wani bawan Allah ne ya rubuta abin, ya gwada, ya ƙi, ya kwana yana gyara. Ko sunansa ba ku sani ba.

Su kuwa ƙannenmu da suka dawo daga karatu, Allah ya shirya! Wannan ya rantse da Python, wancan ya ce in ba Java ba wasan yara ne, na ukun ya ce mai aiki da Windows bai waye ba. Ka ce su nuna abin da suka ƙera, sai sosa ƙeya, wai batir ya ƙare. Makiyayi a bakin rijiyar Belbeji ba ruwansa da wanda ya tufka igiyar guga, shi dai raƙuma su sha.

Ga Abdou Maman Kané, ɗan ƙasar nan. Ya haɗa famfo mai aiki da hasken rana da wayar salula: mai garka ya danna lamba daga inda yake, ruwa ya kwarara. A 2015 aka ba shi babbar kyautar ruwa ta Hassan na Biyu. Ba don ya ka da kowa a gardama ba.

"To mu a Damargu ina garkar?" Kun ji halinku! Hatsi fa? Binciken Jenny Aker ya nuna shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Kira kaɗai ke nan, ba manhaja.

Don haka, samari, ga aiki: abin da zai faɗa wa manomi kuɗin tiya a Tanut da Damagaram, da murya, da Hausa da Tamashek, a ƙaramar waya mai maɓalli. Ku rubuta shi da duk abin da kuka ga dama. Wanda ya fara kawo mai aiki, gasasshen naman ranar kasuwa na wuyana.